Ranar da Kawu Ya Fasa Rumbun Iri

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu, yayan mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke kudu da Damagaram, ana dab da faɗuwar damina. Ina cikin aji a lakwal ɗin da nake koyarwa a Zinder, wato Damagaram ɗin, aka leƙo aka ce ana nemana a waje. Sai da na isa tasha na lura har lokacin allin rubutu na hannuna.

Kafin in isa an riga an kai shi. Na tarar da gida cike da mata, kowa na faɗin abin da ya zo bakinta. Wata ta ce, "Allah sarki, bawan Allah, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba." Wannan kam ba gaskiya ba ne, ni ya ɗaga mini, zan zo wurin. A waje kuma samarin jam'iyya sun zo da hulunansu iri ɗaya, suna ta maimaita wa duk wanda ya zauna cewa an yi rashin ginshiƙi, mutumin da bai taɓa sauya sheƙa ba. A can ƙarshen tabarma Baban gidan gabas ne zaune, maƙwabcin Kawu kuma abokin kaciyarsa, ya haɗa kai da sanda.

Sai wata tsohuwa, tana gyara zama kusa da Iya, matar Kawu, ta ce, "Allah dai ya yafe masa maganar iri."

A zaman makoki fa! A gaban matarsa! Wallahi sai da na ji jini ya hau mini ka. Iya ta danne mini gwiwa da hannu, na haɗiye. Amma na san tsohuwar nan ba ita kaɗai ba ce. Yaran garin da ba a ma haife su ba a lokacin, abin da suka tashi suna ji ke nan: tsohon nan shi ne ya sa aka cinye iri. Ba su san wanda ya sa shi ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don ni ina wurin, na gani da idona.

Kawu shi ya riƙe ni tun ina ƙarama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, har na yi furfura. Shi ya kai ni lakwal a bayan jaki, ya tsaya bakin taga yana leƙe, wai yana so ya ga ko za a doke masa uwa. Mutum ne mai son fura da tsami, mai ƙin a yi masa shara kusa da ƙafa, mai tsokanar jikoki har sai sun yi kuka sannan ya rasa yadda zai yi da su. Ba malami ba ne, ba mai gari ba ne. Abin da yake da shi a garin nan magana ce, in ya faɗa an ɗauka.

Duk shekara in ruwan farko ya sauka, ba mai ɗaga sungumi sai Kawu ya fito. Maza su taru a ƙofar gidansa, ya ce, "To, bari mu tambayi ƙasa." Ya taka zuwa bakin gonarsa, ya durƙusa, ya tona da hannu. In danshi ya tsaya a yatsu, sai ya karkaɗe hannu ya ce a koma gida, wannan ruwan wanke ido ne. In ya wuce wuyan hannu, ya ɗago ya ce, "Bismillah, a shuka." Kafin rana ta yi zafi garin ya zama ba kowa sai tsofaffi da awaki.

Iri kuwa, ga wanda bai tashi a karkara ba, ba kowane hatsi ne iri ba. Lokacin girbi maigida da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure ta daban, a sa a ɗan ƙaramin rumbun ƙasa da toka, a liƙe bakin da laka. Daga nan ya haramta. Ko yaro zai kwana yana kuka, ba a taɓa shi. Namu irin mai saurin nuna ne, ya saba da ƙasarmu da guntun ruwanmu, tun kakanni ake zaɓensa hannu da hannu.

Da aka kawo tsarin komin, wato ƙaramar hukuma, aka ce kowane yanki ya ba da wakili, konseye, wanda zai zauna majalisa ya zaɓi magajin gari, ba a ko yi gardama ba a garinmu. Jam'iyyar da Kawu ke bi tun farkonta ta tsayar da shi, ta kuma samu rinjaye. Wanda aka ɗora magajin gari ɗan wani amininsa ne, yaro mai ilimi da daɗin baki, Baba yake ce wa Kawu, yana cire takalmi tun daga zaure. Kawu ba ya jin faransanci, in ana zaman majalisa sai dai a fassara masa. Amma in aka ce a ɗaga hannu, nasa ne farkon tashi.

Sai fari ya zo. Damina ta ɗauke hatsi na fitar da kai, abin da aka girbe bai kai tsakiyar rani ba. Mata suka shiga daji tsinkar anza, a jiƙa ta a yi ta sauya ruwa don ɗacin ya fita, a dafa wa yara. Dusa da muke ba awaki ta koma tukunya. Samari suka fara ɗaura ƙunshi suna yin kudu. A majalisa kuma rinjayen nan ya soma zubewa, yau a ce wane ya koma wajen ƴan adawa, gobe a ce wane. Har aka kai inda hannu ɗaya ya rage wa ƴan adawa su tsige magajin gari.

Na je kai wa su Kawu ɗan garin rogo na tarar da motar magajin gari a ƙofar gida. Ina daga bayan zana na ji komai.

"Baba, an ce mini mutanenka za su tashi."

"Yunwa ce, ɗana. Me zan ce musu?"

"Ka ce su zauna. In garinka ya watse, gobe a majalisa za a ce mun kasa, a yi waje da mu. Iri na nan tafe, an ba komin, yana hanya, ni zan raba da hannuna. Garinka ne farko. Ku buɗe na rumbu ku ci, ya kai ku zuwa ruwa."

Kawu ya ce, "Ɗana, ka san abin da kake cewa kuwa? Iri fa."

"Haba Baba! In na yi maka ƙarya, wa zan yi wa gaskiya?"

Bayan la'asar Kawu ya tsaya ƙofar masallaci ya faɗa wa jama'a. Baban gidan gabas ne ya ce, "Iyayenmu sun ga yunwar da ta fi wannan, sun binne ƴaƴa, ba su taɓa iri ba. Kai ka ga buhunan?"

"Ban gani ba. Na ji da kunnena daga bakin yaron da na san ubansa. In bai zo ba, ni ne."

Ya san ba mai farawa. Sai ya wuce gida, jama'a na biye, ya ɗauki gatari ya hau rumbunsa ya fasa lakar. Iya ta ɗora hannu a ka ta shige ɗaki. Ya sauko da damin farko ya miƙa mini ya ce, "Uwata, a sussuka." Kafin magariba ana jin fasa laka gida gida. Kuma zan faɗi gaskiya, ranar an ji lugude a garin da ya manta ƙarar turmi. Yara sun sha fura sun yi gudu a rariya. Akwai magidanta a yau da na san wannan hatsin ne ya riƙe ransu.

Ƴan adawa suka ji labari. Ba a daɗe ba suka zo da amalanken shanu shaƙe da buhunan iri, suka tsayar da shi a ƙofar Kawu, kowa na gani. Suka ce ba sa neman komai sai hannunsa ranar zama, a sauke yanzu yanzu. Iya ce ta ba ni labari, ta ce Kawu ya ba su ruwa, ya ba shanunsu ruwa, ya raka su har bakin gari da kayansu. Baban gidan gabas ya bi shi yana cewa, "Don Allah ka bari a sauke, ga shi a ƙofarka." Kawu ya ce, "Ba don Allah suka kawo ba. Namu na hanya."

Da zaman ya matso, jam'iyya ta kwashe konseyenta kaf ta kawo su Zinder, ta zuba su a gidan wani attajiri, aka karɓe salula, aka sa masu gadi, don kada a saye wani kafin ranar. Shinkafa da nama ake ba su safe da rana. Kawu ya kasa ci, ya aiko in kawo masa fura. Da na shiga na same shi shi kaɗai a kan tabarma a gindin bango. A can cikin inuwa kuwa magajin gari ne da manyan jam'iyya sun kewaye wani konseye na ƙauyen bakin tafki, wanda kowa ya san yana ƙafa ɗaya a waje. Wannan ya zuba masa shayi, wancan ya gyara masa matashi, ana ta dariya.

Na ce, "Kawu, kai ba a zama da kai?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ni ai ba a jin tsorona, Uwata." Da alfahari ya faɗa. Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin sai zuciyata ta yi zafi.

Magajin gari ya zo wucewa, ya ɗan rusuna. Kawu ya ce, "Ɗana, hadari ya fara haɗuwa a gabas."

"Baba, a gama zaman nan tukuna. Kai ai namu ne, ba ka buƙatar lallashi."

Aka yi zama. Ƴan adawa ba su samu hannun da suke nema ba, magajin gari ya tsira da kujerarsa, aka yi kiɗa har da harba bindigar gargajiya. Irin kuma da gaske ya zo, wannan bai yi ƙarya ba. Aka loda shi a babbar mota, kamiyo, daga mangaza, ɗakin ajiyar komin. Masu kiwonmu suna tsaye a mararraba suka ga motar ta iso, ta rage gudu saboda rami, ta miƙe gabas. Ƙauyen bakin tafki aka kai shi, wurin mutanen da ke da garka, lambun rani, da albasa, waɗanda ko damina ta ƙi ba sa kwana da yunwa. Kuɗin hannun konseyensu ke nan. Namu hannun kyauta ne, don haka ba a biya ba.

Kawu ya hau jaki ya tafi ofishin magajin gari. Aka ce ya yi tafiya Yamai. Ya koma, aka ce akwai lodi na biyu. Ya sake komawa, mai gadi ya ce masa, "Baba, ka daina wahalar da jakin nan."

An ba mu hutu, ina ƙauye ruwan ya sauka. Ruwa ne na gaske, irin wanda ake roƙo. Da safe maza suka taru a ƙofar Kawu, don sabo, wasu har da sungumi a kafaɗa. Ya fito. Bai ce a tambayi ƙasa ba, ya dai wuce, suka bi shi, mu mata muna leƙe ta kan darni. Ya durƙusa ya tona. Hannunsa ya shige har kusa da gwiwar hannu, ƙasa jiƙe sharkaf. Ya tsaya a haka a durƙushe, bai ɗago ba.

Baban gidan gabas ya ce, "To, mun ji amsar ƙasa. Me za mu zuba mata?"

Kawu ya zare hannu, ya goge a rigarsa, ya bi ta tsakiyarsu ya shiga gida. Ba wanda ya zage shi. Na fi so a ce sun zage shi.

Ya sayar da sansa da amalankensa ya je kasuwar Dogo ya sayo abin da ya samu, ya raba gida gida. Hatsin kudu ne, mai son dogon ruwa, kuma an shuka shi a makare. Ya yi kara kore shar, tsayi har ya fi mutum, damina ta ɗauke bai cika ido ba. Shekarar da maƙwabtan garuruwa suka cika rumbu, mu muka sake komawa anza. Wannan karon ba wanda ya tsaya jin maganar kowa. Gidaje suka tashi. Ƴaƴan Baban gidan gabas duka suka kwashi matansu da yaransu suka yi kudu, ba su dawo da zama ba har yau, suka bar shi da kangon ɗakuna. Daga ranar tsakaninsa da Kawu sai sallama a masallaci, katanga ɗaya ce ta raba su. Irin kakanninmu kuwa ya ƙare, a cikinmu ya ƙare, ko zangarniya ɗaya ba ta rage ba.

A nan muka yi faɗa da shi. Na same shi a zaure yana gyaran igiya, na ce, "Kawu, ka fita daga jam'iyyar nan. Ka je majalisa ka tona masa asiri, ka ba ƴan adawa hannunka su yi waje da shi. Mutumin nan ya mayar da kai abin dariya!"

"Uwata, ya isa."

"Bai isa ba! An saye mai barazana, an yi watsi da mai amana, kai kuma kana nan kana ɗaga musu hannu kamar..."

"Ki rufe mini baki!"

Tun da nake ban taɓa jin muryarsa haka ba. Da ya huce ya ce, "In na fita yanzu, me ya raba ni da na bakin tafki? Shi an ba shi ya zauna, ni an hana ni na tashi. Duka ciniki ne." Ya ƙara da cewa, "Kuma ba yaron nan ne ya tsaya ƙofar masallaci ba. Ni na tsaya. Ni na ce in bai zo ba, ni ne. To bai zo ba."

Ban yarda da shi ba a ranar, kuma ban yarda ba har yanzu da yake kwance a ƙasa. Ya ƙarasa wa'adinsa yana ɗaga musu hannu, rinjayensu bai sake girgiza ba. Da aka zo sabon zaɓe ya ce ya tsufa. Ba su ma roƙe shi ba. Magajin garin ya ci gaba ya zama depite, ɗan majalisar ƙasa, ya yi ƙiba, in ya zo yankin kamfe motarsa ba ta tsayawa ƙofarmu, sai dai a ɗaga hannu ta taga.

Kawu bai sake tona ƙasa ba. In ruwan farko ya sauka, kowa ya yi gaban kansa, wani ya shuka ya ƙone, wani ya dace. Shi kuwa sai ya zauna a ɗaki har rana ta ɗaga, sannan ya fita gonarsa shi kaɗai ta bayan gida. Ko taron suna aka yi, in aka ce Baba me ka gani, sai ya ce, "Ku tambayi masu gani." Jikoki kawai ya ci gaba da tsokana. Bai taɓa ambaton sunan yaron nan da mugun abu ba a gabana, ni ce nake yi, shi ya ce in ji tsoron Allah.

Ranar sadakar uku aka wayi gari da ruwa, na farko a bana. Ƙasa na ƙamshi, maza na zaune a ƙofar gida ana addu'a, sai ga mota babba. Depite ne, da mutanensa. Aka sauke buhunan hatsi aka jingina a bakin zaure. Na matso bayan zanar nan dai, inda na taɓa tsayawa. Ya cire takalmi, ya yi gaisuwa, ya nemi a ba shi dama ya yi magana. Ya ce marigayi uba ne a gare shi. Ya ce ranar da jam'iyya ta shiga tsaka mai wuya, hannun marigayi ne ya riƙe ta. Ya ce, "Baba namu ne, har ya koma ga Allah namu ne." Samarin hula suka ce haka ne.

Sai Baban gidan gabas ya dafa sanda ya miƙe. A hankali ya taka har wurin buhunan, ya kwance bakin ɗaya, ya tura hannu ya ɗebo, ya duba, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsu.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "irin ne ya iso?"

Depite ya ce, "A'a Baba, wannan na sadaka ne."

"Au. Na ce ko shi ne. Don ga ruwa ya sauka, kuma marigayin ya ce mana ka ce yana hanya."

Tsofaffin da suka san zancen suka sunkuyar da kai, yaran da ba su sani ba suka bi depite da ido, shi kuma yana neman takalminsa. Baban gidan gabas bai koma ƙarshen tabarma ba. Ya zo bakin zaure, daidai inda Kawu ke zama da igiyarsa, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga. Na ji yana cewa, "Katanga ɗaya. Katanga ɗaya, ban leƙa ba." Tsoho ne tukuf, sa'an Kawu, yana kuka kamar yaro.

Da motar ta tafi aka shigo tambayar Iya ko a kai hatsin wurin masu daka. Ta ce a yi sadakar mijinta da abin da ya noma da hannunsa, ko ludayi ɗaya ne. Har na taho buhunan na nan a bakin zaure, ba wanda ya taɓa, kaji na tsattsagar wanda aka kwance.

Ya Allah, ga Kawu nan ya zo maka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa ƙasar da ya yi rayuwarsa yana tambaya. Ka ba Iya haƙuri, ka ba Baban gidan gabas haƙuri. Kawu na san ya yafe wa yaron nan tun da daɗewa, halinsa ne. Ni Uwarsa ce, ban yafe ba.